Kojja Swaibu da Wayar da Aka Liƙa Masa a Kunne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Nuwamba, bayan la'asar, ana tsuga ruwa a Kampala, Allah Ya karɓi ran Swaibu Walugembe, direban motar yara ta makarantarmu. Ciwon ya same shi yana riƙe da sitiyari a gangaren Banda, motar maƙil da 'ya'yan mutane, ya kuma cika a hanyar asibiti. Washegari bayan an sauko daga Juma'a muka kai shi makwancinsa, a gonar ayabar mahaifinsa da ke Kibibi.

Ni Zaituni Nabbosa, shekara goma sha wani abu na yi a kujerar da ke gefenka, ina kula da yara kana tuƙi. Tun da aka binne ka mutane ke tare ni da tambayar yadda aka yi, ni kuwa da na buɗe baki sai kuka ya riga ni. Shi ya sa na zauna in rubuta. Yara suna kiranka Kojja, wato kawu, mu manya muka ara a bakinsu, har matarka wani lokaci takan yi suɓul da baka ta kira ka haka. Da sunan zan kira ka a nan.

Kojja, ka tuna ranar da na fara aiki? Ban jima da fita takaba ba, ko gaisuwa ban iya yi da fara'a ba. Na shiga mota da asuba, kafin in gama zama ka zaro wayar motar daga aljihu ka ɗora min a cinya. Ka kira ni Nnyabo, yadda ake girmama mace a nan, ka ce, "Riƙe wannan. Ke da ita, ni da titi. Ko uwata ce ta kira daga lahira, ki ce mata ina tuƙi." Na ɗauka ba'a kake yi. Kafin mu kai Kireka wayar nan ta yi ƙara har na rasa kunnen da zan kara ta. Wannan uwa tana tambayar ko mun wuce gidan mai, wancan uba yana cewa a jira shi ɗansa bai gama karin kumallo ba, wata ta manta ta sa wa 'yarta rigar sanyi a jaka, don Allah a duba. Na juyo na dube ka, kai kuwa ko ƙifta ido ba ka yi wajena ba.

Wanda bai taɓa tuƙi a titin Jinja ba gani yake cunkoso hutu ne ga direba, tunda mota ba ta tafiya. Wallahi ƙarya ne. Na zauna kusa da kai na gani. Ƙafarka ta hagu ba ta sauka daga kan kuloci, shi ya sa gwiwar nan take kumbura duk yamma. Idonka yana zagaya madubi uku bai tsayawa. 'Yan boda-boda, wato masu haya da babur, suna kutsowa ta dama da hagu kamar an fasa gidan tururuwa, wani da buhun gawayi, wani da mace mai goyo. Direban tasi ya cusa hancin motarsa a gabanka ba ko sannu. Mai tallan ruwa ya gifta ta ƙarƙashin madubi. Ga ramuka da ruwa ya rufe, waɗanda ka haddace wurarensu ɗaya bayan ɗaya. A bayanka kuma ga yara, wani na kuka, wani ya fito da hannu ta taga, kai ne kake fara hango shi kafin ni. In muka sauke yaro na ƙarshe, rigarka a jiƙe take sharkaf, alhali ko tayar mota ba ka ɗaga ba.

Ba ka taɓa hawa hanyar masu ƙafa don ka yanke layi ba, ko da sauran direbobi na yi. Ba ka zagi, amma kana da baki. In ɗan boda ya goge maka madubi sai ka leƙa ka ce, "Jikana, an ajiye maka wata ƙafar a gida ne?" Su ma ba su raga maka. Tsoho Kunkuru suke kiranka, in sun hango motar suna cewa a ba shi hanya, jibi zai iso.

Akwai ranar da ba na mantawa. Muna tsakiyar Nakawa wayar ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji muryar matarka Sauda tana rawa. 'Yarku ta fari ta sauka lafiya, an samu namiji, jikanka na farko. Na yi guɗa, na miƙo maka wayar ina cewa, "Kojja, karɓi, karɓi!" Ka ce, "Bari in tsaya tukuna." Haka ka ci gaba da jan mota a hankali, hawaye na bin gemunka, har muka samu fili a bakin wani gidan mai. Ka ja birkin hannu, ka kashe inji, sannan ka karɓi wayar da hannu biyu ka yi kabbara. Ranar kowane yaro ya koma gida da gasasshiyar ayaba a hannu. Daga nan kalmar ta bi ka. Ko shayi aka miƙo maka a ɗakin girki, sai wata ta tsokane ka ta ce a bari ya tsaya tukuna, kai kuma ka yi dariya har da buga cinya.

Alherinka ba na surutu ba ne. Yaran nan ana tashinsu tun duhu bai washe ba don a riga cunkoso, wasu ko ruwan zafi ba su sha ba. Ka san su da fuska. A aljihun gaban mota kullum akwai wainar ayaba a ƙunshe cikin takarda, ka ce min in ba wance da wane ba tare da sauran sun lura ba. Akwai tsohon tawul mai tsabta da kake ajiyewa don mai amai. Ba ka taɓa sauke yaro a ƙofar gida ka tafi ba sai ka ga babba ya karɓe shi, ko da motocin baya za su fasa mana kunne da oda. Duk hutun makaranta in ka dawo daga ƙauye, sai na tarar da kan ayaba a ƙofar ɗakina. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, kai ka aro mota ka kai gawarta gida, ka kuma shiga cikin masu haƙa kabari da gwiwar nan taka mai ciwo. Da na zo yi maka godiya sai ka canza magana ka koma ƙorafin tsadar man birki.

A farkon shekarar nan mai makaranta ya kira mu ofis. Ba zan ambaci sunansa ba, ya san kansa. Ya ce kujerar da nake zama a kai kujerar ɗalibi ce ake asararta, daga yau an mai da ni ɗakin girki. Sannan ya buɗe wani ɗan kwali ya fito da 'yar na'urar da ake liƙawa a kunne, baƙa, ba ta fi ɗan yatsa ba. Ya ce zamani ya ci gaba, da wannan za ka riƙa amsa kiran iyaye hannuwanka biyu na kan sitiyari, doka ma ba ta hana ba.

Ka juya abin a tafin hannunka, ka ce, "Ssebo, ranka ya daɗe, ai ba hannuna nake tsoro ba. In ina sauraron mutum, kaina yana wajensa. Wa zai duba titi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Kojja, kai da ka yi shekara da shekaru kana tuƙi? Yara ƙanana ma suna yi. Iyaye su ke riƙe da makarantar nan, in sun kira dole a amsa musu."

Na sa baki, aka ce in yi shiru, ba da ni ake ba. Muka fito. A bakin ƙofa ka dube ni ka ce, "To, ƙanwata, an raba mu." Ni kuma na wuce na ɗaura gyale na hau tuƙa tuwon masara.

Da farko ka ƙi. Kana shiga mota sai ka kashe wayar ka jefa ta aljihun gaba tare da wainar yara. Ba a yi mako ba zauren iyaye na waya ya kama da wuta. Direban nan ya cika girman kai. Direban nan in ya sace mana yara ta ina za mu sani? A kawo matashi. Wasu daga cikin masu wannan magana kai ka yi ta kai su makaranta da kanka suna ƙanana, yau sun haifi nasu. Aka sake kiranka ofis, aka ce ko ka kunna waya ko ka ajiye makulli. Ka kusa sittin, autarka Madina tana makarantar koyon jinya, kuma babu mai ɗaukar tsoho aikin tuƙi a garin nan. Amma abin da ka faɗa min a bayan ɗakin girki daban ne. Ka ce, "In na ajiye, wa za su ba? Wanda zai hau da su kan hanyar masu ƙafa, waya a hannu. Gara ni." Ka liƙa abin a kunne.

Ka yi ƙoƙarin riƙe al'adarka. In an kira sai ka ce bari in tsaya tukuna, ka nemi gefe. To amma ina gefe a titin Jinja da yamma? In ka samu ka tsaya, komawa layi ya zama wani yaƙin. Tsayawar ta sa kana makara, makarar ta sa kira ya ƙaru, kiran ya sa ka ƙara tsayawa. Yara suka riƙa isa gida bayan magariba, iyaye suka ƙara harzuƙa. A ƙarshe ka daina tsayawa. Ka koma amsa mutane kana cikin kutsawa tsakanin tasi da babbar mota, abin da ka yi rantsuwa ba za ka taɓa yi ba.

Na ga yadda abin ya riƙa cinka. Da rana kakan zo ƙofar ɗakin girki in zuba maka shayi. Ka fara yawo da maganin ciwon kai a aljihu. Dariyar nan ta buga cinya ta ɗauke. Wata rana ka zauna a kan buhun wake ka ce, "Zaituni, yau na wuce kwanar gidan su Nakku ban sani ba. Yarinyar ce ta taɓa min kafaɗa. Kwanar da ko barci nake na san ta."

Na ce, "Me ya faru?"

Ka ce, "Wani uba ne yake min faɗa a kan takalmin ɗansa da ya ɓata. Ina jinsa, ina kallon titi, amma wallahi ban ga titin ba. Da mutum ne ya gifta fa?"

Na ce ka je a auna jininka. Ka je, aka ce ya hau sosai, aka ba ka magani, aka ce ka huta. Ka nemi hutun, aka ce ka bari zangon karatu ya ƙare, saura kaɗan. Na koma ofis da kaina na roƙi a mai da ni mota ko da yamma kawai, ba sai an ƙara min komai ba. Aka ce kujerar akwai mai ita.

Abin da ya faru ranar Alhamis ban gani da idona ba. Mata biyu ne suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta farko mai gasa masara ce a gangaren Banda. Ta biyu uwar ɗaya daga cikin yaran ce, sunanta Prossy, wadda ke kan waya da kai a lokacin.

Ruwa ya yanke titi a Kyambogo, kowa ya karkata ya hau tudu, hanyar da ba ta fi mota biyu ba ta koma ta huɗu. Ka daɗe a ciki, kira yana bin kira. Da kuka fara gangarowa sai layin ya saki, motoci suka zabura. A ƙasan gangaren akwai kwana, da matsayar 'yan boda, da babbar kwata da ruwa ke gudu a cikinta kamar kogi. Mai masara ta ce ta ga motar yara ta yi wata irin tangaɗi, ta nufi tsakiyar titi, har ta dafe kai ta fara salati. Sai kuma ta ga motar ta dawo hagu a hankali, a hankali, tana gogar dakalin gefen titi, har tayar gaba ta cije da dakalin ta tsaya cak, injin ya mutu.

Da mutane suka buɗe ƙofa suka same ka a karkace, baki ya juye, ɓarin jikinka na hagu ya saki gaba ɗaya. Duk wanda ya san motocinmu ya san birkin hannu a hagun direba yake. Hannun da zai ja shi ya riga ya mutu. Da hannun dama ka tsallako jikinka ka ja shi har ƙarshe, kuma a kansa suka sami hannun, sai da aka ɓamɓare yatsunka. Ƙafarka ta dama tana danne da birki. Yaran nan kaf, babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

Motar asibiti ba ta da hanyar zuwa. 'Yan bodan da ke kiranka Tsoho Kunkuru su suka ciro ka, suka sa ka a tsakiyar mutum biyu a kan babur, sauran suka shige gaba suna buɗe hanya da oda. Kafin su kai, rai ya yi halinsa. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanka. Wasu daga cikin 'yan bodan suka tsaya a cikin ruwa suna gadin motar da yaran har iyaye suka iso. Allah Ya saka musu da alheri, na janye duk zagin da na taɓa yi musu.

Prossy ta biyo mu har Kibibi. Bayan an watse daga kabari ta same ni a gindin ayaba, ta durƙusa a cikin taɓo da tufafinta na ofis. Ta ce ita ce ta kira na ƙarshe. Ta kira sau da yawa a yammacin nan, hankalinta ya tashi saboda ruwan, tana ta yi maka faɗa, tana cewa kullum kai ne na ƙarshe, gobe sai ta kai ƙararka. Sai ta ji numfashinka ya canza. Ta ji ka ce, da murya kamar ta mai abu a baki, "Nnyabo, yi haƙuri. Bari in tsaya tukuna." Ta ce ta ɗauka rainin hankali ne, ta ci gaba da faɗa. Sai ta ji ƙarar ƙarfe na gogar dakali, ta ji an ja birki, ta ji yara sun fara kiran Kojja, Kojja, ciki har da muryar ɗanta. Layin bai yanke ba. Ta saurari komai har lokacin da mai masara ta zare abin daga kunnenka.

Na so in tsine mata, Allah Ya sani. Na buɗe baki, sai na ga mace ce kawai da ɗanta ke cikin ruwa ba ta san halin da yake ciki ba. Na ɗaga ta, muka yi kukanmu tare.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da wannan, kuma ni ba likita ba ce da zan ce waya ce ta fasa maka jijiya. Amma na san mutumin da aka ba wannan na'ura a farkon shekara, na kuma san wanda ya riƙa zuwa shan shayi a ƙarshenta. An ɗora wa mutum ɗaya titi, da yara, da bakin iyayensu, aka ce ai hannuwansa a sake suke. Wannan haƙƙi yana wuyan wasu, kuma akwai ranar da za a tambaya.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo ne ana zaman makoki. Makaranta ta aiko da wakili, ya kawo buhun sukari da gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tafi ya ja Sauda gefe ya tambaye ta ko 'yar na'urar kunnen tana cikin kayanka da aka dawo da su gida, wai kayan makaranta ce. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ta ba shi. Ranar Litinin na gan ta a kunnen sabon direba, yaro matashi mai sabon aure, yana fita da mota daga ƙofar makaranta yana cewa, "Eh, Nnyabo, mun taso, mun taso." Kujerata akwai ɗalibi a kai. In wannan rubutu ya sa an kore ni daga ɗakin girki, to a kore ni, tuwon masara ko'ina ana tuƙa shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Sauda, wadda ta yi shekaru tana haƙurin kiran mijinta wata ta ɗauka. Haka kuma ga Madina da yayyenta, da jikokinka, da 'yan'uwanka na Kibibi, da yaran motar da har yau wasunsu ba sa yarda su zauna a kujerar bayan direba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya tsaya wa iyalinka kamar yadda ka tsaya wa 'ya'yan mutane.

Ya Allah, ga bawanKa Swaibu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka dubi hannun daman nan da ya ja birki, Ka ba shi littafinsa a cikinsa. Ka hutar da shi hutun da ya nema a duniya bai samu ba, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Saura roƙo ɗaya, gare ku iyaye. Layin wayar motar na makaranta ne, ba a canza shi ba, kuma na san a wayoyinku har yanzu sunan da ke kansa Kojja Swaibu ne. Gobe da yamma in hadari ya haɗu, yaro bai iso ba, hannunku ya kai kan sunan nan, don girman Allah kada ku danna. Ku yi masa addu'a, ku ajiye wayar, ku fita bakin ƙofa ku jira. Wanda zai ɗauka yana kan gangare, kuma ɗanku na zaune a bayansa.